Tabarau na VR a zanen gine-gine: bincike ne ko kayan burge mai gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen zanen gine-gine, ina shirin aikin digiri na biyu. Ina so in yi amfani da tabarau ɗin nan na VR, wanda mutum ke sawa ya tsinci kansa a cikin ginin da ba a ma haƙa tushensa ba. Amma abokan karatuna sun ce kayan burge mai gida ne kawai, ba bincike ba. Gaskiya ne? In ba haka ba ne, ta ina zan fara? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Abokanki sun faɗi abin da suka saba gani: a sa wa Alhaji tabarau, ya leƙa falo mai sheƙi, ya ce masha Allah, ya biya kuɗi. Wannan talla ce. Amma asalin abin daga ɗakin bincike ya fito. A 1968 Ivan Sutherland ya haɗa irin wannan na'ura a Jami'ar Harvard da ke Amurka, an rataye ta a rufin ɗaki, kuma layuka kawai take nunawa. A 1986 Frederick Brooks da abokan aikinsa a Jami'ar North Carolina suka zana sabon ginin sashensu a kwamfuta yadda za a iya zagayawa a cikinsa. A wannan zagayen ne suka ga wani bango ya matse hanyar wucewa, suka nuna wa masu zanen, aka gyara. A takarda awon daidai yake. Sai da aka bi hanyar da ido aka ji matsin. A 1992 kuma Jami'ar Illinois da ke Chicago ta fito da CAVE, ɗaki mai kimanin mita 3 ta kowane ɓangare da ake haska hoto a bangonsa da ƙasansa, mutane su tsaya tare a ciki.

Amfaninsa ga mai bincike guda ne, amma babba. Gini ba ya gwaduwa sau biyu. Ba za ki gina asibiti biyu ki ga wanne ne marasa lafiya suka fi ɓata hanya a ciki ba, sannan ki rushe ɗaya. A kwamfuta kuwa kina iya yin biyun, komai iri ɗaya, ki canza abu ɗaya tak, ki shigar da mutane ki ƙirga: daƙiƙa nawa suka ɗauka kafin su sami ƙofa, sau nawa suka juya baya, ina suka fara kallo. Haka ake nazarin neman hanya a manyan gine-gine da yadda jama'a ke fita lokacin gobara, ba tare da an jefa kowa cikin haɗari ba.

Tunda a Zariya kike, ga tambayar da ta daɗe tana damuna. Gidan gargajiya yana da zaure, sannan shigifa, sannan tsakar gida, kuma magina kan kauce wa sa ƙofofin a layi ɗaya don kada idon baƙo ya faɗa kan iyali. Yawancin gidajen siminti na yanzu sun watsar da wannan, shi ya sa za ki ga an tare sabon gida, ba a yi wata ba an rataya labule ko an ƙara katanga. Na taɓa sa wa wata dattijuwa tabarau don ta ga gidan da ɗanta zai gina. Ta daɗe da zanen takarda a hannu ba ta ce komai ba. Da ta shiga, ta miƙa hannu tana laluben bango, ta juya hagu, sai ta ce, "Ɗan nan, ai wanda ke falo yana ganin mai girki." Mu da muka yi zanen ba mu lura ba.

To ki mayar da wannan bincike. Ki zana gida ɗaya a siga biyu ko uku, bambancin kawai inda ƙofar ciki take. Ki gayyato masu zama a irin gidajen, mata da maza, manya da matasa, ba 'yan ajinku kaɗai ba, domin ɗalibin zane ya riga ya koyi kallon gini da wani ido daban. Ki riƙa sauya sigar da kowa zai fara gani. Ki daidaita tsayin ido da na mai sawa, kuma ki gwada a tsaye da kuma a zaune, domin a zaure kan tabarma ake zama, abin da mai zama ke hangowa ba shi mai tsayuwa ke gani ba. Bayan an cire tabarau ki zauna ki yi hira da su. Lissafin zai nuna miki abin da suka yi, hirar ce za ta ba ki dalili.

Sai dai ki san inda na'urar ke yaudarar ido. Mutane kan ga nisa ya gajarta a cikinta. Wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje da dama a 2013 ya sami cewa a matsakaici ana ganin kusan kashi 74 cikin 100 na ainihin nisan, wato mita 10 sai ta zama kamar bakwai da rabi. Sababbin tabarau sun rage matsalar, ba su kawar da ita ba. Don haka kada ki tambayi mutum ko ɗakin nan ya ishe shi ki ɗauki amsar a matsayin awo. Ki tambaye shi tsakanin wannan da wancan wanne ya fi, tunda kuskuren ya shafi duka biyun.

Abu na biyu ya fi muhimmanci a ƙasarmu: tabarau ba ya kawo zafi. Sanyin da kike ji in kin shiga ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara a watan Afrilu ba ya shiga hoto. A cikin na'urar, ɗakin kwano da ɗakin soro duk daɗinsu ɗaya. In tambayarki ta shafi zafi ko iska, ma'aunin zafi za ki kai gidajen gaske, ki haɗa da manhajar lissafin zafi da sanyin gini irin EnergyPlus.

Akwai kuma jiri da tashin zuciya, waɗanda kan zo idan ido ya ga tafiya alhali jiki na tsaye, ko idan hoton na sarƙewa. Shi ya sa ake son hotuna kusan 90 a daƙiƙa ɗaya. Ki taƙaita zaman kowa, ki gaya masa tun farko yana da damar cewa a tsaya. Ki tanadi mace da za ta ɗaura wa mata madaurin a kan hijabi ko ɗankwali, ki riƙa goge na'urar bayan kowane mutum.

Kayan aiki ba su kai wahalar da ake zato ba. Zanen da kika yi a manhajar zane irin SketchUp ko Revit yana shiga Unity ko Unreal Engine, manhajojin da ke mayar da shi abin da za a gani a tabarau, kuma tabarau irin Meta Quest na aiki da batirinsa ba sai an jona da kwamfuta ba, abin da zai taimake ki ranar da babu wuta. Amma ba ya ɗaukar zane mai nauyi, don haka ki cire kujerun alfarma da fitilun ado, dama su ne ke janye hankalin mutane daga abin da kike aunawa. Kafin ki nemi aron na'ura ma, ki rubuta tambayarki a jimla ɗaya, ki zana sigogin gidan a takarda, ki kai wa malamin da ke duba aikinki. Allah ya ba da sa'a.