Ciwon hanta nau'in B: abin da takardar awon jini take faɗa

Likita, shekara uku ke nan da aka gano ina da ciwon hanta nau'in B. Bara awona ya nuna ƙwayar cutar 600, bana ta kai 40,000, alhali ko ciwon kai ba na yi. Tashi ta yi? Daga wani magidanci a Gusau.

Malam, wannan adadi shi ne awon HBV DNA, wato yawan ƙwayar cutar a kowane mililita na jininka. Idan yana ƙasa da 2,000 kuma hanta lafiya lau, mukan ce cutar tana kwance. Daga 600 zuwa 40,000 kuwa ba ƙaramin tsalle ba ne, ta motsa. Sai dai ba ka gaya mini ALT ɗinka ba. Wannan sinadari ne da ke cikin hanta, ba ya yawa a jini sai hantar ta ji rauni. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024, wanda ƙwayarsa ta haura 2,000 kuma ALT ya wuce 30 ga namiji ko 19 ga mace ya cancanci magani. Takardun ɗakin awo da yawa sukan nuna 40 a matsayin daidai, shi ya sa mutum yakan duba ya ce ai lafiya.

Rashin jin ciwo kada ya ruɗe ka. Hanta akwai haƙuri. Kafin ido ya yi rawaya ko ciki ya kumbura, ɓarna ta yi nisa. Ka koma wajen likitanka a makon nan, a sake awon, a yi hoton hanta. Kuma ka tafi da duk abin da kake sha, har jiƙe-jiƙe da haɗin kemis.

Wata takwas ina shan tenofovir, yanzu an ce ba a ga ƙwayar a jinina ba. Ƙawata ta ce na warke, ga shi kuɗin magani ya yi mini nauyi. In daina? Daga wata baiwar Allah a Zariya.

Don Allah 'yar'uwa kada ki daina. Maganin ne ya danne ta har awo ya kasa ganinta, amma irinta yana nan ɓoye a cikin ƙwayoyin hantarki, inda tenofovir ba ya iya kawar da shi. Kamar garwashi ne a ƙarƙashin toka. In kika ajiye magani, cikin makonni ko 'yan watanni takan dawo da ƙarfi, garkuwar jiki ta far wa hantar, wani lokaci har hantar ta kasa aiki. Wannan yana kisa, musamman ga wadda hantarta ta riga ta ƙanƙance. Matsalar kuɗi gaskiya ce, ki faɗa wa likitanki ƙarara, a nemo inda ya fi sauƙi tun kafin kwalbar ta ƙare.

Za a fara yi wa mahaifinmu maganin ciwon daji (kansa). HBsAg ɗinsa babu, anti-HBc akwai, sai aka haɗa masa da maganin hanta. Me ya sa? Daga Maraɗi.

Likitocin Baba sun yi daidai. HBsAg alama ce a jini da ke nuna cutar tana jiki a yanzu, anti-HBc kuwa sheda ce cewa cutar ta taɓa shiga jikinsa, garkuwarsa ta murƙushe ta. Maganin ciwon daji, musamman rituximab, yana raunana wannan garkuwa, sai tsohuwar cuta ta farfaɗo. Za a ci gaba da ba shi maganin hantar har watanni bayan an gama na ciwon dajin. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne dexamethasone da prednisolone ma suna haka, ga su ana sha barkatai don ciwon gaɓɓai ko neman ƙiba, irin su sha-ka-fashe. Mai ciwon hanta kada ya taɓa su sai da sanin likita.

HBeAg ɗina babu. Ke nan ba zan sa wa amaryata ba?

HBeAg alama ce ta cewa ƙwayar cutar tana hayayyafa sosai. In babu shi haɗarin yakan ragu, amma muddin HBsAg yana nan za ka iya sa mata. A yi mata awo. In ba ta da cutar a yi mata allurar riga-kafi guda uku. Duk jaririn da kuka samu, a yi masa tasa cikin awa 24 da haihuwa.