Ban sha ba, amma na zauna: hukuncin yawon dare da kallon makaɗa ga ɗalibi a Turai

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam. Ni ɗan cikin garin Katsina ne, ina karatun injiniya a Ingila, yanzu kuma ina horon sanin makamar aiki na wata uku a wani kamfani a Mancesta. A ƙarshen watan Yuni abokan aikina suka matsa mini in bi su ranar Juma'a bayan an tashi. Muka fara da wata mashaya, daga nan muka wuce wani gida da makaɗa ke wasa da jita da ganguna a kan dandamali, ban koma ɗaki ba sai wajen ƙarfe huɗu na asuba. Ranar Asabar muka sake fita. Wallahi Malam ban ɗanɗana giya ba, lemu kawai na sha, ban kuma taɓa mace ba. Sai dai al'adarsu kowa yakan saya wa teburi abin sha idan layi ya zo kansa, da ya zo kaina na ji kunya na biya, kusan fam 40. Daren Juma'a magariba da lisha da asuba sun wuce ni. Ranar Asabar na haɗa magariba da lisha kafin in fita, amma asuba ta sake kuɓuce mini. Na ɗora ɗan bidiyo a WhatsApp, ƙanwata ta gani. Abin da nake tambaya shi ne hukuncin kiɗan, domin na ji an ce malamai sun yi saɓani. Kuma ina tsoron idan na daina bin su za su ɗauke ni mai girman kai, su ɓata mini rahoton ƙarshe. Shin sai na gaya wa mahaifina?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, na karanta saƙonka sau biyu. Ka ce hukuncin kiɗa kake nema, ka sako maganar salla da ta fam 40 a tsakiya kamar ƙarin bayani. Ni kuwa zan juya maka tsarin, domin a cikin duk abin da ka lissafa kiɗan ne kaɗai malamai suka yi saɓani a kansa. Sauran ba mai gardama.

Mu fara da salla, tunda ita ce bashin da ke wuyanka a wannan sa'a. Na san yadda bazarar can take. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a Mancesta sai wajen 9:40 na dare, ta kuma fito wajen 4:40. Kai da ka saba da Katsina, inda ake kiran magariba wajen ƙarfe bakwai, gari bai wayewa sai shida ta gota, dole abin ya rikita ka. Daren can gaba ɗayansa awa bakwai ne, kuma salla uku ce a cikinsa. Wanda ya fita yawo ƙarfe takwas ya dawo huɗu, ai tun daga bakin ƙofa ya riga ya sayar da su. Shi ya sa ba zan kira wannan mantuwa ko barci ba. Hadisin da ya ce wanda barci ya ɗauke shi ko ya manta salla ya sallace ta idan ya tuna, uzuri ne ga wanda barci ya rinjaya, kai kuwa kai ka gayyato barcin. An kuma ruwaito daga Abu Barza cewa Annabi (SAW) ya kasance yana ƙin barci kafin lisha da hira bayanta, kuma malamai sun ce ɗaya daga cikin dalilan ƙin hirar shi ne kada ta cinye asuba.

Ka rama su yanzu, a jere kamar yadda suka wuce: magariba raka'a uku, lisha huɗu, asuba biyu. Kada ka yi ƙasaru, domin a mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu a gari ya zama mazauni, balle kai mai wata uku. Wannan kuma yana nufin Juma'a tana kanka, ka nemi izinin awa ɗaya a wurin aiki. Kada ka bi abin da wasu mutanenmu ke yi na jiran asuba ta zo a rama asuba, lisha ta zo a rama lisha. Ramuwar farilla ba ta da lokacin hani, ko rana na fitowa ko tana faɗuwa ka tashi ka yi.

Game da haɗin da ka yi ranar Asabar: gaskiya ne a irin wannan lokaci shafaƙi, wato jan hasken da ke saura bayan faɗuwar rana, bai ɓacewa sosai a arewacin Turai, masallatai kan ƙiyasta lokacin lisha, kuma Majalisar Fatawa ta Turai ta ba da rangwamen haɗa magariba da lisha saboda ƙuncin da ma'aikata da ɗalibai ke shiga, ta dogara da hadisin Ibn Abbas da ke cikin Muslim. Amma an yi rangwamen ne don mai neman ya samu barci ya tashi asuba ya tafi aiki. Kai ka jawo lisha gaba ne don ka samu daren ya zama fili. Ka sake wannan lishar, ka bi ta da asubar Lahadi. Salla biyar ke nan.

Sai teburi. Ka rantse ba ka sha ba, na kuwa yarda da kai, kuma Allah ya saka maka da alheri a kan wannan, don na san ba ƙaramin jihadi ba ne ga saurayi shi kaɗai a tsakiyar mutane. Babu haddi a kanka, ba a kuma kiranka mashayi. Amma ka dubi lafazin ayar Ma'ida ta 90. Allah bai tsaya kan hana sha ba, cewa ya yi a nisance ta. Tirmizi da Ahmad kuma sun ruwaito cewa wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Hadisin bai yi maganar abin da ke cikin kofinka ba, zaman ya hana. Mutanenmu ma sun faɗa, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Da yawa a cikin waɗanda suka faɗa shaye-shaye a ƙasashen waje, lemu ne a hannunsu a daren farko.

Wurin da ya fi tayar mini da hankali shi ne fam 40 ɗin nan. Hadisin Anas da ke cikin Tirmizi da Ibn Majah ya lissafa mutum goma da aka la'anta a kan giya: mai matsa ta, da wanda aka matsa wa, da mai sha, da mai ɗauka, da wanda aka kai wa, da mai shayarwa, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta, da mai saye, da wanda aka saya wa. Ƙirga ka gani, mai sha ɗaya ne tak a cikin goma. Ka je wurin mai sayarwa ka miƙa kati, ka saya. Idan kuma kai ka ɗauko kofunan zuwa teburi, ka ɗauka ka shayar. Kasancewar masu shan ba Musulmi ba ne bai sauya hukuncin hannunka ba. Ban faɗi wannan don in la'ance ka ba, la'anar a kan aikin take, kuma tuba tana kankare ta. Na faɗa ne don ka san abin da ka ɗauka ƙarami shi ne babba. Babu wata kaffara ta kuɗi da shari'a ta yanka a nan. Idan ka fitar da kwatankwacin kuɗin ka aiko gida a ba mabuƙata, ya yi kyau, domin kyawawan ayyuka suna tafiyar da munana kamar yadda ya zo a Suratu Hud, amma ba sharaɗin tuba ba ne.

To, kiɗa. Ba ƙarya aka faɗa maka ba, akwai saɓani, kuma ba zan ɓoye maka shi ba. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun tafi a kan haramcin kayan kiɗa, ban da ganga mai fuska ɗaya da ake bugawa a biki. Hujjarsu hadisin da ke cikin Bukhari cewa za a samu wasu daga al'umma suna halatta zina da alharini da giya da kayan kiɗa, da kuma fassarar da Ibn Mas'ud ya yi wa aya ta 6 a Suratu Luƙman cewa waƙa ake nufi. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce ta wurin da Ibn Abi Zaid ya ce bai halatta a saurari kayan wasa da waƙa da gangan ba. A ɗaya ɓangaren akwai Ibn Hazam, wanda ya rasu a 456 bayan hijira, ya ce sarƙar hadisin Bukhari a yanke take, duk da cewa Ibn Salah da Ibn Hajar sun mayar masa da martani sun nuna a haɗe take. Akwai kuma Imam Gazali, wanda ya rasu a 505, da ya yalwata ƙofar sauraro da sharuɗɗa, yana kafa hujja da 'yan matan nan biyu da suka yi waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi, Sayyidina Abubakar ya tsawata musu, Annabi (SAW) ya ce a ƙyale su. Ni ina tare da mafi rinjaye, amma ba na fasiƙantar da wanda ya bi ɗaya ra'ayin da ilimi.

Sai dai saɓanin nan bai kai inda ka je ba. Shi kansa Gazali, da ya zo kan kayan kiɗa masu tsirkiya da na busa, ya hana su, kuma dalilin da ya bayar shi ne sun zama alamar mashaya, suna jan zuciya zuwa ga shan. Duk malamin da ya sassauta ya gindaya cewa kada a haɗa da giya, kada maza da mata su cakuɗe cikin rawa, kada kalmomin su zama na batsa, kada a tozarta farilla. Gidan da ka kwatanta mini, wane sharaɗi ne ya tsira a cikinsa? Ko walimar aure, wadda amsa gayyatarta umarni ne, malamanmu sun ce idan akwai mummunan abu bayyananne a wurin, wajabcin zuwa ya faɗi. Ina ga gayyatar da asalinta ma ba ta wajaba ba. Don haka zuwanka gidan nan haramun ne a kan ra'ayi biyun duka. Maganar abin da kake ji a wayarka kai kaɗai a ɗaki mas'ala ce daban, idan ka so ka sake aiko ta.

Tsoron rahoto kuwa bai kai lalura ba. Lalura ita ce cutar da ake da yaƙini ko rinjayen zato za ta auku, kuma babu wata hanyar kauce mata. Kai zato kake yi, ba wanda ya ce maka komai. Ƙasar da kake ciki tana da doka tun 2010 da ta hana a cutar da ma'aikaci saboda addininsa, kuma ɗalibanmu da suka dawo daga can sukan gaya mini cewa Bature ya fi saurin karɓar magana guda miƙaƙƙiya a kan kame-kame. Ka ce musu addininka bai yarda ka zauna inda ake sha ba, amma kana son zama da su. Sai ka riga su gayyata. Ka kai su cin abincin rana, ko ka ja su Titin Wilmslow a unguwar Rusholme inda gidajen abinci na halal suke jere, ko ku buga ƙwallo, ko ku hau jirgin ƙasa ranar Asabar da safe ku je hawan duwatsun da ke kusa da garin. Ban ce ka kulle kanka a ɗaki ba, kaɗaici ma ƙofar shaiɗan ce. Lokacin da sahabi Hanzala ya yi kuka cewa zuciyarsa na sauyawa idan ya koma cikin iyali, Annabi (SAW) ce masa ya yi sa'a da sa'a, wato lokaci na ibada, lokaci na harkar rayuwa. Katsinawa kuma ba yau suka fara taka Ingila ba. Sarki Muhammadu Dikko ya je a 1921, a tafiyar da ya yi aikin hajji, ya ga abin da ya gani ya dawo da rawaninsa. Ka nemi masallaci mafi kusa da kai ka karɓi jadawalin salla, a nan ma za ka haɗu da 'yan gida waɗanda suka riga ka sanin garin.

Bidiyon ka goge shi yau, daga WhatsApp da cikin wayar baki ɗaya. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa duk al'umma ana yafe mata ban da masu bayyanawa, wato mutum ya yi abu da dare Allah ya rufa masa asiri, gari ya waye shi da kansa ya yaye. A da sai mutum ya fita dandali ya ba da labari, yanzu maɓalli ɗaya ya isa. Ƙanwarka kuma ka kira ta da kanka, ka ce mata kuskure ka yi kuma ka bari, don kada ta ɗauka abin da yaya ya yi a Turai abin koyi ne.

Mahaifinka ba sai ka gaya masa ba. Laifin tsakaninka da Allah ne, ba haƙƙin Baba ka ci ba, kuma ɗaga hankalin dattijo a Katsina kan abin da ba zai iya gyarawa daga nan ba bai cikin sharuɗɗan tuba. Sharuɗɗan uku ne: ka bari, ka yi nadama, ka ƙulla ba za ka koma ba. Idan labarin ya kai masa ta wata hanya ya tambaye ka, kada ka yi masa ƙarya. Ka ce an yi, ka ce ka tuba, ka nemi ya sa maka albarka, ba sai ka zayyana masa sauran ba.

Allah ne mafi sani.