Me ya haɗa labarin Bakan'aniya da baikon tallafa wa masu karatun firist?

Tambaya: Ni 'yar Zumuntar Mata ce a wani cocin Katolika a Kaduna. Ranar Lahadi Fada ya yi wa'azi a kan macen nan Bakan'aniya, ya ce mu riƙa karɓar baƙo, sannan ya sa aka yi baiko na biyu don masu karatun firist. Mene ne haɗin? Kuma yaron da cocinmu ke tallafa wa ba ɗan yarenmu ba ne, wataƙila ma a tura shi wani gari in ya gama. Ya kamata in ci gaba da bayarwa?

Amsa: Mama, haɗin yana nan, ko da Fada bai tsaya ya warware muku shi ba. Labarin yana cikin Matiyu 15:21-28. Macen daga yankin Taya da Sidon take, ba Bayahudiya ba ce, 'yarta kuma na fama da aljani. Ta yi kira, Yesu ya yi shiru. Almajirai suka ce a sallame ta don ta dame su. Yesu ya ce mata bai kamata a ɗauki abincin 'ya'ya a jefa wa karnuka ba, maganar da za ta sa wani ya yi zuciya ya tafi, amma ta ce ai karnuka ma sukan ci ɓarɓashin da ke faɗowa daga teburin iyayengijinsu. A nan Yesu ya yabi bangaskiyarta, 'yar ta warke. A Misar wannan Lahadi akan haɗa shi da Ishaya 56, inda Allah ya ce gidansa gidan addu'a ne na dukan al'ummai. To, gidan da ke buɗe ga kowa yana bukatar mai hidimar da ba zai tambayi yaren mutum ba kafin ya yi masa baftisma ko ya binne mahaifinsa. Irin wannan mutum horar da shi ake yi, kuma horon na cin lokaci da kuɗi.

Dokar Ikilisiya ta ce karatun falsafa da tauhidi kada ya gaza shekara 6, kuma ba a naɗa firist sai ya cika shekara 25, bayan ya yi aƙalla wata 6 yana dikon, wato matakin da ke ƙasa da firist. A Najeriya abin ya fi haka tsawo: shekara guda ta horon ruhaniya, kusan 4 na falsafa, shekarar aiki a coci, sai 4 na tauhidi. Kusan shekara 9 zuwa 10 ke nan. Samarin Arewa da yawa suna yin wannan a seminari, wato makarantar horar da firist, ta St. Augustine da ke Jos ko Good Shepherd da ke Kaduna, wadda 'yan bindiga suka shiga a Janairun 2020 suka sace ɗalibai 4, suka kashe Michael Nnadi mai shekara 18. Duk tsawon lokacin nan ɗalibi ba ya da albashi. Dayosis, wato yankin ikilisiya da ke ƙarƙashin Bishop, ita ce ke ɗaukar kuɗin makaranta da abinci, ga littattafai, magani da kuɗin mota. Akwai agaji daga Ƙungiyar Bitrus Manzo da Jeanne Bigard da mahaifiyarta suka kafa a Faransa a 1889, amma ba ya rufe komai.

Batun yare kuwa, ki cire shi daga lissafi. Firist na dayosis ake naɗawa, ya yi wa Bishop alkawarin biyayya, Bishop ya tura shi inda ake bukata. Fadan da ke yi muku Misa yau, wasu ne a wani gari suka ciyar da shi. Ki kuma duba Katsina: a 2023 aka ciro ta daga dayosis ta Sakkwato, aka naɗa Bahaushe, Gerald Mamman Musa, Bishop ɗinta na farko. Da ikilisiya ta tsaya kan 'yan yaren waɗanda suka riga shiga, da Kiristoci Hausawa na ƙauyukan can ba su ga nasu a wannan kujera ba.

Yadda za ki bayar shi ne inda ake yawan kuskure. Ki bi ta hannun Fadan cocinku ko Fadan da dayosis ta ɗora wa kula da masu neman zama firist, a rubuta, a ba ki rasit. Ki yanka abin da za ki iya kowane wata, ko kaɗan ne, domin makaranta ta fi iya tsara abinci da kuɗin da ta san zai zo a kan babban alkawarin da ake yi ran biki a manta. In kuna noma, Zumunta ta haɗa buhunan masara, wake ko doya da kaka, amma a fara tambayar mai kula da ɗakin ajiya abin da ya yanke musu.

Kada ki mai da yaro guda ɗan ɗakinki, kina tura masa kuɗi a ɓoye. Sabulu da kuɗin mota lokacin hutu ba laifi. Sai dai in nauyinki ya yi masa yawa, ranar da ya gane ba kiransa ba ne zai ji kunyar faɗa, ya daure a naɗa shi don kada ya ba ki kunya. Seminari wurin tantancewa ne, fita daga cikinta ba zunubi ba ne. In yaronku ya dawo gida, kada Zumunta ta bi shi da habaici ko lissafin abin da aka kashe. A ba shi wuri a ƙungiyar mawaƙa ko koyar da katikisim, in da hali a taimaka masa ya sami aiki da takardar karatun da ya riga ya yi.