Gyaran tsohon gidan ƙasa da kuɗi kaɗan: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a Kano. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gidan ƙasa a ƙauye, ɗaki huɗu da zaure, duk rufin soro. Ɗakuna biyu suna yoyo, yaɓen bango kuma ya zaizaye. Ina so in gyara da kaina lokacin hutu, amma abin da na tara ba zai ishe ni siminti da kwano tare ba. Wanne zan fara saye?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifi, Malam, ya kuma saka maka da alheri da ba ka bar gidan ya zama kufai ba. Ka fara da rufi. Ruwa ne ke kashe ginin ƙasa, kuma ta wuri biyu yake shiga: ta sama, da ta gindin bango. Duk kuɗin da ka kashe kafin ka toshe waɗannan hanyoyi biyu, damina ɗaya za ta cinye shi.

Game da siminti kuwa, ina roƙonka ka dakata. Na san dalilin da ya sa ido ke son sa, yana sa gida ya fito fes. Amma siminti ba ya kama laka yadda yake kama bulo. Bangon ƙasa yana shan danshi da damina, ya fitar da shi da rani. In ka rufe shi da filasta, da zarar ta ɗan tsage ruwa zai shige ta baya ya rasa hanyar fita, ƙasar ta yi ta jiƙa a ɓoye. Daga waje bango lafiya lau, sai ranar da ka ƙwanƙwasa ka ji yana amo kamar ganga, daga nan filastar ta ɓalle falle guda ta tafi da ƙasar da ke bayanta. Abin takaici ne, domin masu ƙaramin ƙarfi ne suka fi yin wannan asara.

Abin da ya dace da bangon shi ne irin abin da aka gina shi da shi: jar ƙasa da aka kwaɓa da ramno, wato busasshiyar ciyawar da ake cakuɗawa da ƙasar gini, aka bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, sannan a bi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa. Magina na da suna da laso ma, wani yaɓe da ake haɗawa da katsi (guggubin ramin marina) da gashin jima da dafara (wani tsiro mai yaɗo mai yauƙi), sai dai samunsa yanzu da wuya tunda marinu sun ragu. Makuba ta fi sauƙin samu, amma tana son a sabunta ta bayan 'yan shekaru. Wannan aiki ne da kai da ƙannenka za ku iya, in kun sami tsohon magini ɗaya a garin ya tsaya muku kwana biyun farko. Kuɗin da za ka ba shi ya fi buhun siminti amfani.

In akwai inda siminti zai yi maka rana, to gindin bango ne daga waje. Ka cika ramukan da ruwa ya ci, ka yi ɗan dakali mai gangare kewaye da ginin don ruwa ya gudu nesa. Ka duba indararo kuma. Sau da yawa yoyon soro daga nan yake, ya toshe da ciyawa ko ya karye yana zuba a jikin bango. Lokacin aikin shi ne bayan kaka zuwa tsakiyar rani. Kada ka bari sai dogon hutun Agusta, lokacin ruwa ya fi ƙarfi, yaɓe ba zai bushe ba.

Tambaya: Yayana ya ce a rushe soron ɗakin mahaifiyarmu, a cire azara a sa katako da kwano. Wani kafinta kuma ya yi mana tayin tsohon kwano da araha. Mu karɓa?

Amsa: Hajiya, kafin a taɓa soron a duba azarar tukuna. A soka mata wuƙa ko ƙusa, musamman bakin da ya shige cikin bango, nan take fara ruɓewa. Azara daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cika damunta ba, kuma katakon da za ku saya yau da wuya ya kai ta daɗewa. In tana da ƙarfi, a bar soron yadda yake a ɗora kwano a samansa. Kun tsira daga yoyo, kun huta da sayen silin, kuma Mama ba za ta sha zafin kwano a watan Afrilu ba. Ga tsohuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. In kuwa azara ta lanƙwasa ko rufin ya lotsa a tsakiya, yayanki ya yi gaskiya, kuma kada kowa ya sake kwana a ɗakin har a sauke shi. Ƙasar soro tana da nauyi ƙwarai, in ta sha ruwa ta ƙara.

Tsohon kwano ba laifi ba ne in kin gan shi da idonki. A ɗaga kowane falle a rana a ƙirga hujin ƙusa, a duba tsatsa a gefe. Mai huji da yawa ya tafi kan rumfa ko turken awaki. In sabo za ku saya, bandir falle 20 ne, a ƙirga a gaban mai shago, a kuma tambayi kaurinsa, domin mai arha sosai yakan zama sirirare. Katako a zaɓi busasshe, a shafe shi da maganin gara kafin a kafa. In a Kano za ku yi sayayya, 'yan katako na Na'ibawa da kasuwar Ƙofar Ruwa sun fi shagon ƙauye zaɓi, amma a lissafa kuɗin mota. Sannan a tabbata kafinta ya ɗaure katakon a jikin ginin da waya mai kauri, ya kuma fito da bakin kwanon waje sosai ya kare bango. Iskar farkon damina rufin da ba a ɗaure ba take fara yayewa.

Tambaya: Ba gara in rushe duka in yi na bulo ba?

Amsa: In bango ya rabu da ɗan'uwansa a kusurwa, ko ya karkata, wannan ɗakin a rushe shi, tubalinsa ma a farfasa a sake kwaɓawa. Amma rushe gida gaba ɗaya ba da kuɗin gamawa a hannu ba, ƙarshensa fili ne da tulin bulo. Ka ɗauki ɗaki ɗaya duk shekara. Kuma in gidan na gado ne, ɗan'uwa, a raba ko a rubuta yarjejeniya gaban shaidu da mai unguwa kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya, a bayyana wanda ya kashe kuɗi da ɗakin da aka kashe wa.