Wai Mavis Beacon malama ce da gaske, kuma tsohon faifanta zai koya min taifin?

Tambaya: Salamu alaikum malam, dan Allah na tsinci wani tsohon faifan CD a kayan yayana an rubuta Mavis Beacon Teaches Typing a jiki, ya ce da shi suka koyi taifin a makarantar kwamfuta. Wai matar da ke jikin kwalin malama ce da gaske? Kuma zan iya koyo da shi ko ya tsufa, don ni har yau da yatsa biyu nake bugawa.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in fara da wadda za ta ɓata wa yayanka rai: babu wata malama mai suna Mavis Beacon, ba a taɓa yin ta ba. Kamfanin The Software Toolworks na Amurka ne ya ƙirƙiro sunan lokacin da ya fitar da manhajar a 1987, hoton kwalin farko kuwa na wata 'yar asalin Haiti ce mai suna Renée L'Espérance, a kantin sayar da turare suka gan ta tana aiki suka ɗauke ta hoto, shikenan ta zama malamar taifin ta duniya.

Kuma ba ita ce farau ba. Tun farkon shekarun 1980 akwai MasterType, wani wasan koyon taifin, a kan kwamfutocin gida irin su Apple II da Commodore 64, wadda ƙwaƙwalwarta kilobayit 64 ce kacal, hoto ɗaya na wayarka ya fi ta nauyi nesa ba kusa ba. A MasterType jirginka na tsakiyar allo, kalmomi na kawo maka hari daga kusurwa huɗu, in ka buga kalma daidai ka harbe ta, in ka tsaya laluben harafi a tarwatsa ka. A 1992 har Mario na wasan bidiyo sai da aka mai da shi malamin taifin. Abin da Mavis ta fi su da shi shi ne tana lura da haruffan da kake yawan kuskurewa sai ta dinga maimaita maka su har hannunka ya faɗa.

Toh batun tsufa, manhajar ta tsufa amma darasin bai tsufa ba, tunda jerin haruffan kibod, wato QWERTY, na nan yadda yake. Shafa F da J a kibod ɗinka yanzu, za ka ji ɗan tudu a kansu, nan manuniyarka ta hagu da ta dama za su zauna, sauran yatsu su jeru a A S D da K L da alamar ; da ke gefen L, manyan yatsu a kan sifes. Satin farko wallahi sai ka ji gara yatsa biyun naka don gudunka zai ragu sosai, a nan mutane ke gudu, kai dai kar ka kalli hannunka ko da za ka rufe shi da hankici, minti 15 kullum ya fi awa 3 ranar Asabar.

Matsalar ita ce faifan. In na zamanin Windows 3.1 ne ba zai tashi a Windows mai bit 64 irin na kwamfutocin yanzu ba, ga shi yawancin laftof na yanzu ba su da wurin saka CD ma. Mafi sauƙi ka nemi Mavis ta DOS, tsohon tsarin kwamfuta na kafin Windows, ka kunna ta da DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon DOS a kwamfutar yanzu, kyauta ce, ko ka shiga shafin Internet Archive akwai tsofaffin manhajoji da ake kunnawa a cikin birauza.

Sai dai Turanci zalla za ta koya maka, babu ƙ babu ɗ babu ɓ. In hannunka ya zauna sai ka saka kibod ɗin Hausa a Windows, ka ɗauko jarida ko wani littafin Hausa ka dinga kwafar shafi guda kullum. Faifan kuma ka mayar wa yaya abinsa.