Amsoshin Tambayoyinku: Baƙon Amo a Amfilifayar Jita

Wani makaɗin jita daga Yelwa a Bauchi ya rubuto cikin damuwa cewa ya sayi tsohuwar amfilifaya mai bawul (bututun gilashi mai kama da ƙwan fitila) da aka shigo da ita daga Amurka, kuma duk sa'ad da ya ƙure murya ya taɓa siririyar tsirkiya, sai wani amo mai kauri ya riƙa bin kiɗan ba tare da sun dace ba. Yana tambaya ko an cuce shi.

Kwantar da hankalinka, ƙanena, mai yiwuwa ba a cuce ka ba. Wutar lantarkinmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa sau 60. Bayan amfilifaya ta daidaita wutar, akan sami ragowar rawa mai ninki biyu, wato 100 a nan, 120 a can, kuma kwandansa, wato ɗan gwangwanin da yake tara wuta, ita ce take lafar da ita. Idan aka ƙure murya, wannan ragowa sai ta cuɗanya da kiɗan, ta yadda sautin da yake kaɗawa sau 440 a daƙiƙa zai haifi wani na 340 a ƙarƙashinsa. Da yake a wutarmu kwandansa tana daɗewa kafin ta sake cika, ragowar takan ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100, balle idan kwandansar ta tsufa ta bushe.

Maganin shi ne sauya kwandansa, to amma a nan nake jin tsoro. Jabu ta yi yawa, har akan fasa babban gwangwani mai kyakkyawan rubutu a tarar da 'yar ƙarama a ciki, sauran fili fayau. Mutum zai kashe maƙudan kuɗi a kan amfilifaya, sannan ya tsaya yana cinikin mafi araha a kan abin da zai ɗauki wuta fiye da bolt 400! Ka sa mai gyara ya auna ta da mita a gabanka kafin ka biya. Kada kuma ya saka wadda ta zarce ƙima don neman shiru, domin bawul mai daidaita wuta irin GZ34 ba ya jure kwandansar farko da ta wuce maikurofarad 60, wato ma'aunin yawan wutar da take tarawa. Kai kuma kada ka sa hannu a ciki, saboda kwandansa tana riƙe wutar da za ta iya kisa ko bayan an zare soket.

Wani daga Tudun Wada a Gombe yana so ya sayi sitabilaiza mai tsada domin ta mayar masa da 50 zuwa 60. Malam, wa ya gaya maka haka? Sitabilaiza da taransfoma ƙarfin wuta kaɗai suke sauyawa. Adana kuɗinka, ka dai lura da zafin taransfomar amfilifayar, domin wadda aka ƙera don 60 ta fi ɗaukar zafi a wutarmu.

Mai tambayar dalilin da ya sa amon yake hawa da sauka a wurin biki kuwa, ya duba janareta, domin saurin injin ne yake ƙayyade juyin wutar, kuma da zarar an ɗora masa kaya da yawa sai gudunsa ya ragu.