Tambaya da Amsa: Ƙofar gareji ta ƙi buɗuwa, mota kuma na ciki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, sannu da ƙoƙari. Don Allah shawara nake nema a kan ƙofar garejinmu, irin mai rimot ɗin nan ce da take ɗagawa sama ta kwanta a ƙarƙashin silin, shekararta 6 kenan. Ranar Litinin da safe na shirya yara zan kai su makaranta, na danna rimot sai injin ya yi ƙugi, ƙofar ta ɗaga kamar taƙi ɗaya ta tsaya ta koma, na yi ta dannawa ya fi sau goma har injin ya daina ko ƙugin ma, ƙarshe dai a adaidaita sahu yaran suka tafi. Maigidan ya yi tafiya, mai gadi kuma ya ce kawai a kira mai walda ya yanka ta a fito da motar, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Wani abu da na tuna, daren Lahadi mun ji wata ƙara mai ƙarfi ta wajen garejin kamar an harba bindiga, muka ɗauka taya ce ta fashe a titi. Na gode.
Uwargida daga Kano

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Don Allah kar a kira mai walda, kuma ki ɗauke rimot ɗin ki ɓoye inda yara ba za su gani ba, a zare filogin injin daga soket. Wannan ƙarar ta daren Lahadi da kika sa a ƙarshen wasiƙa ita ce kan maganar, don kusan duk alamun da kika lissafa na karyewar sifirin ne.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne injin nan ba shi yake ɗaukar nauyin ƙofar ba. Ki shiga garejin ta ƙofar cikin gida ki ɗaga kai, a saman ƙofar za ki ga wani dogon ƙarfe a kwance daga wannan bango zuwa wancan da sifirin mai kauri a naɗe jikinsa, wani ɗaya wani biyu. Shi ne mai aikin. An murɗa shi ne da ƙarfi sosai yadda zai riƙe nauyin ƙofar da kan kai kilo 70 ko fiye, shi injin ɗan jan ta kawai yake yi. Ranar da sifirin ya tsinke yakan saki ƙara irin wadda kika ji, daga nan injin ya wayi gari da nauyin da ba a yi shi dominsa ba, ya ɗan yunƙura ya ji abin ya fi ƙarfinsa ya koma. Ki duba da tocila, in ya karye za ki ga ya rabu biyu da tazara kamar faɗin yatsu biyu zuwa uku a tsakani, wayoyin ƙarfen da ke gefe da gefe kuma sun yi sako-sako ko sun sauka daga kan abin da ke naɗe su.

Kuma shekarun sun yi daidai. Yawancin waɗannan sifirin an yi su ne su ɗauki buɗewa da rufewa kamar sau 10,000, gidan da ake fita a shiga sau 4 a rana kin ga kusan shekara 7 kenan, gidan da ake kai yara boko a ɗauko a sake kai su islamiyya ga zuwa kasuwa ga fitar maigida ai ba zai kai haka ba. Ga tsatsar damina ga ƙurar hunturu suna ci.

Shirun da injin ya yi daga baya kar ya tayar miki da hankali tukuna. Akwai abin da ke kashe shi da kansa in ya yi zafi, bayan minti 20 zuwa 30 ya huce ya dawo. Amma dannawar nan sau goma ita nake jin tsoro, don a cikin irinsu da yawa akwai giya ta farar roba da haƙoranta ke cinyewa in an matsa mata, in kin ga farin gari kamar dusa a ƙasan injin ko cikin murfinsa to ita ce, ana samun ta a canza ba sai an sayi sabon inji ba.

Yanzu maganar da na fi so ki riƙe. Kar mai gadi ko wani yaron gida ya ɗauki sifana ya ce zai kwance sifirin ɗin, ko da kuwa ya karye, musamman in biyu ne don ɗayan yana nan a murɗe da ƙarfinsa. Na taɓa ganin hannun wani yaro ɗan koyo da ya sa sukurudireba a madadin sandunan ƙarfen da ake murɗawa da su, abin ya kuɓuce masa, har yau yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa, wallahi duk lokacin da na tuna sai jikina ya yi sanyi. Ki nemi wanda ya kafa ƙofar tun farko ko masu aikin irin waɗannan ƙofofi, a auna kaurin sifirin da tsawonsa a kawo daidai shi, in biyu ne a canza su tare tunda tare suka tsufa. Akwai jar igiya da ke reto daga saman, ita ce ke raba ƙofar da injin a ɗaga da hannu in ba wuta, amma ana jan ta ne ƙofa tana rufe a ƙasa. In aka ja ta ƙofa na sama sifirin kuma ya karye, gaba ɗaya za ta faɗo kan duk abin da ke ƙasa, mota ce ko yaro. Ni shawarata motar ta haƙura kwana ɗaya biyu har mai gyara ya zo, shi ya san yadda zai ɗaga ta da mutane ya tokare.

Haka kuma Hajiya kar a kunna motar a bar ta tana ɗumi a cikin rufaffen gareji ana jiran a buɗe, hayaƙinta da na janareta duk ɗaya ne, iskar da ke kisa a ciki ba ta da wari ba ta da launi.

In kuma kin duba sifirin lafiyarsa ƙalau, to sai a koma kan ƙananan abubuwa, kuma wannan ya shafi sauran masu karatu. A fara da sakata, sau da yawa wani ne ya sa sakatar ciki ko kwaɗo da dare bai faɗa wa kowa ba. Sai wuta, injin nan wuta mai ƙarfin volt 230 yake so, lokacin da NEPA ta kawo marar ƙarfi fanka na juyawa da kyar shi ma ƙugi kawai zai yi, a gwada shi da janareta a gani, gidan da ke da layi uku kuma a duba ko na garejin ne ya ɗauke. Kafasita ma na mutuwa kamar ta fankar silin, alamarta ƙugi ba motsi. Masu injin da aka kawo daga Amurka su tuna na wutar 120 ne, ta taransifoma yake sha, a duba ta. In maɓallin bango na buɗewa rimot ne kawai ya ƙi, batir ne ko yaro ya danna maɓallin kulle da ke jikin na bangon. Za ki ji ana cewa a goge idanun nan biyu da ke ƙasa gefen ƙofa, goge su na da kyau musamman da hunturu amma aikinsu hana ƙofa rufuwa kan mutum ne, tun 1993 doka ta tilasta irin wannan kariya a Amurka, in sun yi ƙura rufewa ce ke gagara, buɗewa ba ruwanta da su.

Bayan an gyara ki sa mai gyaran ya gwada a gabanki, ƙofa na rufe ya ja jar igiyar ya ɗaga ta da hannu ɗaya zuwa ƙugu ya saki. In ta tsaya a wurin an yi aiki, in ta zame ƙasa ko ta fizga sama murɗin bai yi daidai ba kar ki biya shi sai ya daidaita. Ki sa ya koya miki jan igiyar da mayar da ita ke da mai gadi, kuma ki hana kowa shafa baƙin mai ko girisi a hanyar tayoyin, da ƙurar Kano kwaɓa yake zama, busasshen tsumma ya ishe ta, man feshi na silikon kuma a tayoyi da hinjis ɗin ƙofar da jikin sifirin kamar sau biyu a shekara, kafin damina da farkon hunturu. Allah Ya dawo da maigida lafiya, a gaida yara.